Sakin dabbobi da hunturu: Wa ke sa ido a kansu a Karaye da Rogo?

Da zarar an kammala kwashe amfanin gona a ƙauyukan yammacin jihar Kano, sai a kwance awaki da tumaki da jakuna daga turakunsu, a bar su su shiga gonaki su nemi abinci da kansu har zuwa faɗuwar ruwan sama.

Wannan tsohuwar al'ada ce da ake bi a Kwanyawa da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kamar dai yadda ake yi a yawancin ƙasar Hausa.

To amma a 'yan shekarun nan al'adar tana fuskantar matsi. Gonaki sun cinye yawancin filayen da a da suke zaune haka nan, noman rani ya bunƙasa, kuma darajar dabba ta tashi ta yadda ɓarayi ba sa kawar da kai daga gare ta.

Shi ya sa batun wanda zai sa ido a kan dabbar da aka saka, da wanda zai biya idan ta yi ɓarna, ya zama abin da ke kai mutane gaban mai unguwa, wani lokaci ma har gaban alƙali.

Daga turke zuwa sake

Shekarar dabbar gida a wannan yanki kashi biyu ce.

Daga lokacin da aka yi shuka, wajejen watan Mayu ko Yuni, har zuwa kaka, akuya da tunkiya suna ɗaure ne a gida. Yara da mata su ne ke yanko musu ciyawa, kashin da suka tara a turke kuma shi ne takin da za a kai gona da bazara.

Idan aka girbe gero da masara, aka yanke dawa, aka roro wake, sai a shiga kashi na biyu. Daga wajejen watan Disamba gonaki sukan koma tamkar makiyaya guda ɗaya, inda dabbar kowa ke iya shiga gonar kowa ta ci abin da aka bari.

A ƙa'idar gargajiya ba mai dabba ne ke yanke wa kansa ranar sakin ba. Dagaci ko mai unguwa ne yake duba ko jama'a sun gama kwashe kayansu, sannan ya sa a yi shela. Haka kuma idan damina ta kawo jiki, shi ne zai sa a sake yin wata shelar cewa kowa ya kama dabbarsa ya ɗaure.

Kowane ɓangare yana da abin da yake samu. Dabba tana cin ganyen kara da ragowar harawa da ciyawar da ta bushe, gona kuma tana samun taki ba tare da an ɗauko shi a ka ko a mangala ba.

A daidai wannan lokaci ne kuma garkunan shanun Fulani suke sauka a gonaki. A da, manomi yakan roƙi makiyayi ya kafa masa ruga a gonarsa na wasu kwanaki, har ya ba shi hatsi ko kuɗi saboda takin da shanun za su bari.

Masanin nan na Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna cewa wannan haɗin kai tsakanin dabba da gona na daga cikin dalilan da suka sa ake noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ƙasar ta mutu ba.

Doki da jaki

Doki dai ba ya cikin dabbobin da ake saki haka kawai.

A ƙasar Hausa ingarma yana zaune ne a turkensa, ana kawo masa harawa da dusa da dawa, ana jiƙa masa kanwa. Tsadarsa da kuma halinsa na faɗa da 'yan uwansa ba za su bari a bar shi yana yawo ba.

A Karaye, wadda tsohuwar masarauta ce, mafi yawan dawakin da ake gani na masu sarauta ne da na masu sha'awar hawa, kuma amfaninsu ya fi fitowa a lokacin hawan salla da bukukuwa. A watan Disambar 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Goɗiya da ɗanta ne wani lokaci akan kai bakin fadama, a yi mata dabaibayi ko a ɗaure ta da doguwar igiya ta yi kiwo, kuma ko a nan ɗin akan bar yaro a kusa yana lura da ita.

Ƙaramin dokin nan da Hausawa ke kira ƙuru, wanda aka fi saninsa a tsaunukan Filato da kudancin Bauchi, shi ne ya fi jure wahalar neman abinci da kansa, sai dai yawansa ya ragu ƙwarai tun bayan da babura da motoci suka karɓe aikinsa.

Saboda haka a Karaye da Rogo, jaki ne dabbar da ta fi kusa da doki a cikin 'yan sake. Idan ya gama jigilar hatsi da kara, akan sake shi ya bi gonaki, wani da dabaibayi, wani kuma ba ko igiya a wuyansa, ya dawo gida da yamma ko ya kwana a waje.

Abin da mai dabba ke dubawa

Makonnin farko bayan saki su ne lokacin wadata. Daga watan Janairu zuwa gaba abinci yakan fara ja baya, kafin a kai Maris da Afrilu kuma gonaki sun zama fayau.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙarancin ciyawar ba. Ciyawar da ta bushe a tsaye takan rasa yawancin sinadarin gina jiki da ke cikinta, har ya sauka zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, alhali saniya ko tunkiya tana bukatar kusan kashi 7 cikin 100 kafin cikinta ya iya sarrafa abin da ta ci yadda ya kamata.

Wannan ne ya sa ake ganin dabba ta wuni tana kiwo, cikinta ya cika, amma kullum tana ramewa.

Masu kiwon da suka san aikinsu sukan duba haƙarƙari da ƙashin baya da ƙugu. Idan waɗannan suka fara fitowa fili, to lokaci ya yi da za a riƙa ƙara wa dabbar harawar wake ko ta gyaɗa da dusa idan ta dawo gida. Wadda ke da ciki, da mai shayarwa, da tsohuwa, su ne kan fara faɗuwa.

Itacen gawo yana da babban matsayi a nan. Saɓanin sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani, kuma 'ya'yansa da ke zubowa abinci ne mai gina jiki ga awaki da tumaki da shanu.

Ruwa shi ne abu na biyu. Doki ɗaya yakan sha lita 25 zuwa 50 a rana, gwargwadon zafi da aikin da ya yi. Jaki ya fi shi jure ƙishirwa, amma shi ma idan ya daɗe yana cin busasshen kara ba tare da isasshen ruwa ba, cikinsa yana iya ɗaurewa.

Sai kuma sanyi. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a jihar Kano yakan sauka zuwa digiri 13 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka. Babbar dabba mai ƙoshi ba ta cika damuwa da wannan ba, amma 'yan awaki da 'yan tumakin da aka haifa a lokacin sukan kamu da ciwon huhu idan suka kwana a fili.

Akwai kuma abubuwan da dabbar sake kan ci su halaka ta. Gyauron dawa, wato tohon da ke fitowa daga kututturen da aka yanke, yana ɗauke da guba mai kashe dabba cikin ɗan lokaci, musamman idan ta ci shi da yunwa.

Leda ma ta zama babbar annoba. Dabbar da ba ta samu abinci ba takan bi juji tana cin ledar da ke da ƙamshin abinci ko gishiri, ledar ta taru a tumbinta, ta yi ta ramewa har ta mutu. Mahauta da likitocin dabbobi a mayankun arewacin Najeriya sun saba ciro tulin leda daga cikin dabbobin da aka yanka.

Gobarar daji ita ma ba a bar ta a baya ba. Wutar da masu farauta ko masu sharar gona suka cinna a lokacin iskar hunturu tana iya cinye abincin dabbobin gari guda a yini ɗaya.

Cututtuka

Sakin dabbobi yana haɗa na gida daban-daban a makiyaya ɗaya da mashaya ɗaya, kuma ta nan ne cuta ke samun hanya.

A ƙarshen shekara ta 2018 da farkon 2019, murar dawaki ta ɓarke a jihar Sakkwato, inda ta fi yi wa jakuna ɓarna. Cutar ta bazu a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, ciki har da jamhuriyar Nijar, inda dubban jakuna suka mutu.

Alamominta su ne zazzaɓi da tari da majina, kuma tana yaɗuwa ne ta iska daga dabba zuwa dabba. Ƙurar hunturu da sa dabba aiki tana cikin ciwo suna ƙara tsananta ta.

A ɓangaren awaki da tumaki, cutar nan mai sa su zawo da majina da gyambon baki, wadda likitoci ke kira PPR, ita ce ta fi kisa. Tana da allurar rigakafi, kuma hukumomin duniya sun sa shekara ta 2030 a matsayin lokacin da suke fatan kawar da ita, kamar yadda aka bayyana kawar da cutar bushiya ta shanu a 2011.

Dabbobin da ke kiwo a bakin madatsun ruwa da fadamu kuma suna fuskantar ciwon hanta, wanda wata tsutsa ke haddasawa. Tsutsar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa, ta maƙale a ciyawar da dabba ke ci.

Shawarar da jami'an kula da lafiyar dabbobi suka saba bayarwa ita ce a yi allura kafin a saki dabba, sannan wadda aka saya a kasuwa a ware ta na kimanin makonni biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Madatsar ruwan Challawa

Babban abin da ya sauya fasalin rani a wannan yanki shi ne madatsar ruwan Challawa da ke ƙaramar hukumar Karaye, wadda aka kammala a shekara ta 1992.

Madatsar, wadda ke ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, tana iya tara ruwan da ya kai kubik mita miliyan 900, abin da ya sa ta zama ta biyu a girma a jihar Kano bayan ta Tiga.

Ruwan ya samar wa dabbobi mashaya da ba ta ƙafewa, ya kuma jawo makiyaya daga nesa. Amma ya shafe gonaki da fadamu masu yawa, sannan gaɓar da ruwan ke janyewa daga kanta da rani, inda ɗanyar ciyawa ke fitowa, ita ce dai wurin da masu noman rani suke so.

Samuwar ƙananan injinan ban ruwa ta sa duk wanda ke da fili a kusa da ruwa yana iya shuka tumatir ko albasa ko masara a tsakiyar rani. Ta haka ne lambuna suka tare wasu hanyoyin da dabbobi ke bi zuwa mashaya.

Ko a gonakin tudu ma ba komai ake kwashewa da kaka ba. Rogo yakan shekara a ƙasa, rake yana kaiwa tsakiyar rani kafin a gama sara, auduga kuma ana tsintar ta har bayan an yanke dawa. Yankin Rogo, kamar maƙwabciyarsa Makarfi ta jihar Kaduna, ya yi suna wajen noman rake.

Shi kansa karan dawa da harawa, waɗanda a da ake bar wa dabbobi a gona, yanzu haja ce. Manomi yakan tattara su ya kai gida ko ya ɗora a kan itace, ya ciyar da shanun huɗarsa da ragunan da yake turkawa domin layya, ko ya sayar idan sun yi tsada. Takin zamani kuma ya rage bukatar da yake da ita ga rugar makiyayi.

Yawan jama'a ma yana da nasa tasirin. Ƙidayar shekara ta 2006 ta nuna cewa akwai mutane kimanin 141,000 a ƙaramar hukumar Karaye, da kimanin 228,000 a ta Rogo, kuma babu shakka sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Burtali da labi, wato hanyoyin da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki, sun tsuke a wurare da dama saboda masu gonakin gefe suna ɗan ci daga jikinsu kowace damina.

Wa zai biya ɓarna?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a shari'ar Musulunci.

A cikin Suratul Anbiya, Alƙur'ani ya ba da labarin hukuncin da Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu suka yi a kan wata gona da tumakin wasu mutane suka shiga da dare suka yi wa ɓarna.

Imam Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin taguwar Bara'u ɗan Azib, wadda ta shiga lambun wani mutum ta yi ta'adi. Hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke shi ne cewa tsaron lambu da rana yana kan mai shi, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa mai dabbar ne zai biya.

A kan wannan ne littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Risala da Muhtasar, suka gina hukuncinsu.

Sai dai malaman mazhabar sun sa sharaɗi. Rangwamen da aka yi na ɓarnar rana yana aiki ne idan an kai dabbar nesa da gonaki kafin a sake ta. Idan kuwa a gefen shuka aka sake ta, ko kuma akwai makiyayi tare da ita ya yi sakaci, to biya ya hau kansa. Haka nan dabbar da aka san ta da halin ɓarna, aka kuma gargaɗi mai ita, ba ta da rangwamen dare ko rana.

Idan aka auna wannan da halin da ake ciki yanzu, inda lambuna ke kewaye da gari a tsakiyar rani, za a ga cewa wurin da mutum zai saki dabbarsa ya ce ba ruwansa ya ragu ƙwarai.

Shari'a ta kuma tanadi keɓe fili domin kiwo, wato hurumi. Manzon Allah ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u a kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin filaye da hurumi a zamanin daular Sakkwato.

A aikace dai yawancin irin waɗannan rigingimu ba sa kaiwa kotu. Mai gona yakan kama dabbar ya kai ta gidan mai unguwa, a tura dattawa su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta, mai dabba ya biya ya karɓi abinsa. Idan shanun makiyaya ne, akan nemi arɗo ko sarkin Fulani ya shiga maganar.

Inda ake samun tashin hankali shi ne idan mai gona ya ɗauki doka a hannunsa ya sari dabbar ko ya sa mata guba, ko kuma makiyayi ya yi ɓarnar da dare ya tashi kafin gari ya waye.

Ikon da ya ragu

A zamanin En'e, hakimi da dagatansa suna da cikakken bayani a kan garkunan da ke ƙasarsu, saboda kowace shekara sai an ƙirga shanu an karɓi jangali.

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta maida filaye hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi, sannan gwamnatin Abubakar Rimi, wadda ta hau mulki a 1979, ta soke haraji da jangali a jihar Kano.

Talakawa sun yi murna da sokewar, amma ta tafi da wata hanya da hukuma ke bi ta san yawan dabbobi da masu su. A yau mai unguwa yana sasanta mutane ne da girman da suke ba shi, ba shi da ma'aikaci ko kasafin kuɗi na wannan aiki.

Tun daga watan Yulin 2024, ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye mai daraja ta biyu.

Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa an yi ta ne tun 1965. Akwai irin waɗannan wurare fiye da 400 a Najeriya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a dokance. Dajin Ɗansoshiya da ke ƙaramar hukumar Ƙiru, maƙwabciyar Karaye, yana cikin wuraren da gwamnatin jihar Kano ta ware domin tsugunar da makiyaya.

Sata kuma ta ƙara wa masu dabbobi damuwa, musamman masu jakuna. Bukatar fatar jaki a ƙasar Sin, inda ake haɗa wani maganin gargajiya da ita, ta sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, jakin da ke kwana a gona ba mai tsaro kuma ya zama abin farauta.

Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna daga ƙasarta a 2016, kuma a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna domin fatarsu a duk faɗin nahiyar.

Yadda ake yi a Nijar

A jamhuriyar Nijar an shigar da ranar sakin gonaki cikin doka.

Kundin dokokin karkara na 1993, da kuma dokar kiwo ta 2010, sun tanadi cewa hukuma ce za ta tsayar da ranar da gonaki za su buɗe ga dabbobi a kowane yanki, bayan an tuntuɓi sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. Ana sanar da ranar a gidajen rediyo da kasuwanni.

Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona mai ita zai biya. Bayan ranar kuwa, manomin da ya bar amfaninsa a gonar tudu shi ne zai tsare abinsa.

Ƙasar ta ɗanɗana kuɗarta kafin ta kai ga wannan. A watan Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya a garin Toda da ke jihar Maraɗi ya yi sanadin mutuwar mutane fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Tsarin bai kawo ƙarshen rigingimu ba, domin shekarar da damina ta yi gardama makiyaya sukan gangaro kudu tun kafin manoma su gama girbi. Amma aƙalla akwai rana ɗaya rubutacciya da kowa zai iya kafa hujja da ita.

Dawakin dajin New Forest

A kudancin Ingila akwai wani daji mai suna New Forest, wanda faɗinsa ya ɗan ɗara na ƙaramar hukumar Karaye, inda ƙananan dawaki kimanin 5,000 suke yawo ba turke ba dabaibayi, rani da damina.

Baƙo zai ɗauka na daji ne, amma kowanne yana da mai shi. Mazauna yankin da filayensu ke da haƙƙin kiwo su ne ke sakin su, al'adar da ta samo asali tun ɗaruruwan shekaru.

Wata majalisa mai mutum goma da ke zama a garin Lyndhurst ita ce ke kula da wannan haƙƙi, kuma tana da ma'aikata biyar da aka raba wa dajin, kowanne da yankinsa. Aikinsu shi ne zagayawa a kan doki ko a mota suna duba lafiyar dabbobin, kuma ana iya kiransu dare ko rana.

Kowane doki yana ɗauke da tambarin mai shi, kuma ana biyan kuɗi a kan kowace dabba duk shekara. Da kaka akan koro dawakin a tara su, a duba su, a ba su magani, sannan a yi wa jelar kowanne wani irin aski da ke nuna cewa an biya kuɗinsa da kuma yankin da ya fito.

Lokacin sanyi ne aikin ya fi tsanani. Ciyawa takan daina tsiro, dawakin su koma cin ganyen ƙayoyi, gashin jikinsu kuma ya yi kauri har ya ɓoye rama. Idan ma'aikaci ya ga dokin da ya faɗa, yana da ikon umartar mai shi ya ɗauke shi daga dajin ya kai gida ya ciyar da shi.

Motoci ma suna kashe gwamman dabbobi a kowace shekara, galibi a watannin da dare ke saurin yi. Saboda haka ake sa wa dawaki da yawa abin wuya mai ƙyalli, an kuma taƙaita gudun mota zuwa mil 40 a sa'a a hanyoyin da ba su da shinge. Tun daga 2023, duk wanda aka kama yana ba dawakin abinci ko yana shafa su ana iya cin sa tara.

Abin da ke gaba

Ba duk abin da ake yi a Ingila ne zai yiwu a Kwanyawa ba. A can daji ne da aka keɓe, a nan kuwa gonakin mutane ne da ke zama makiyaya na wata biyar ko shida.

Amma ginshiƙan tsarin ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa: a san mai kowace dabba ta hanyar shaida, a san ranar saki da ranar kamu, a kuma samu wanda aikinsa ne ya zagaya ya duba.

Muhawarar hana kiwon sake da ake yi a Najeriya, tun daga dokar jihar Binuwai ta 2017 zuwa matsayar gwamnonin kudu a Asaba a 2021, ta fi karkata ne ga manyan garkunan shanu. Ba kasafai ake tuna akuyar da matar aure ke kiwo domin kayan ɗakin 'yarta ba, ko jakin da magidanci ke kai taki gona da shi, alhali su ne mafi yawan dabbobin da ke yawo a ƙauyukan Kano da rani.

Ga masu irin waɗannan dabbobi, ɗaure su shekara guda cur yana nufin sayen abinci na watannin da a da kyauta suke ci. Sakinsu ba mai dubawa kuma yana nufin asara ta hanyar cuta ko sata ko biyan ɓarna.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi. Sai dai batun buɗe burtalin da aka cinye, da barin hanyar zuwa mashaya a bakin madatsar ruwa, da tsayar da ranar sakin dabbobi, abubuwa ne da a ƙarshe ake warware su tsakanin ƙaramar hukuma da hakimi da dagaci, da kuma manoma da makiyayan da suka san iyakar kowace gona.